Kafin A Miƙa Makullin Foklif

Cikin 'yan shekarun nan harkar ajiya da jigilar kaya a Arewa ta sauya kama. An buɗe tashar sauke kaya ta tsandauri a Kakuri ta Kaduna a watan Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano ta biyo baya a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma a 2024, ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ana kan yi. A Sharaɗa da Bompai da Challawa, da manyan sito-siton da ake tara riɗi da zoɓorodo da citta domin fitarwa waje, wani kaso na kayan da a da ake ɗauka buhu-buhu a ka yanzu a kan katakon falet da cikin kwantena yake tafiya. Duk inda falet da kwantena suka shiga kuwa, injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu, wanda ma'aikata ke kira foklif, yana biye da su. Ana ta maganar kuɗin da aka kashe a gine-gine, ana maganar kwastan da hanyoyi, amma da wuya ka ji an ambaci mutumin da ke zaune a kan wannan injin. Ra'ayina shi ne tuƙin foklif sana'a ce mai zaman kanta, wadda ke buƙatar koyarwa da jarrabawa da albashin da ya dace da ita, kuma nauyin tabbatar da haka yana wuyan mai sito ne kafin ya kai ga yaron da aka miƙa wa makulli.

Hanyar da ake zama direban foklif a wurare da dama ba ɓoyayya ba ce. Yaro yana cikin leburori, yana goge injin da safe, yana zuba masa mai, wata rana direba ya bar shi ya gyara masa fakin. Bayan 'yan makonni ya fara ɗaga falet marar kaya a tsakar fili idan aiki ya lafa. Ranar da direban bai zo ba, ga tirela a bakin sito mai ita yana ƙorafin an ɓata masa lokaci, sai manaja ya waiga ya ce wa ya iya, a miƙa wa yaron makulli. In ya sauke motar lafiya, shi ke nan ya zama direba. A wani wurin kuma lasisin mota kawai ake tambaya, bisa zaton wanda ya iya tuƙa a-kori-kura ba zai gaza da wannan ɗan abu da ba ya gudu ba. A nan gizo ke saƙa, domin da yawa daga abin da hannun direban mota ya saba da shi, a kan foklif akasinsa ake buƙata.

Foklif a ido ne kawai yake ƙarami. Wanda aka ƙera ya ɗauki tan biyu da rabi, irin da aka fi gani a sito, nauyin kansa ya kusa tan huɗu, saboda dunƙulen ƙarfen da aka ɗaura masa a baya don ya rinjayi kayan da ke gaba. In ya ɗauki cikakken lodi, abin da ke ratsawa tsakanin mutane ya haura tan shida, nauyin ƙananan motoci huɗu ke nan. Da tayoyin baya yake juyawa, saboda haka in ya sha kwana bayansa ne ke yin waje, kuma mutumin da ya raɓe a gefe yana ganin ya ba da hanya, shi ƙarfen bayan ke matsewa da bango. Mota tana zaune daram a kan kusurwa huɗu. Shi kuwa foklif, duk da tayoyinsa huɗu, a kan wuri uku ya dogara: tayoyin gaba biyu, da wuri guda a tsakiyar aksul ɗin baya inda yake lilo. Muddin tsakiyar nauyin injin da kayansa tana cikin wannan fili mai kusurwa uku, yana tsaye, da zarar ta fita kuma sai kifewa. Ɗaga kaya sama yana ɗaga tsakiyar nauyin, filin da za ta yi motsi a cikinsa ya ƙara tsukewa. Shi ya sa kwanar da injin zai sha lafiya lau da kaya a ƙasa-ƙasa, ita ce za ta kwantar da shi idan kayan suna sama mita uku. Abin da sabon direba ba ya tsammani shi ne foklif marar kaya ya fi saurin faɗuwa ta gefe a kan wanda ya ɗauki kaya ya sauke su kusa da ƙasa, alhali kuwa lokacin da ya dawo ba kaya ne yake jin zai iya taka wuta.

A jikin kowane foklif akwai ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera shi ya manna, mai nuna iyakar nauyin da zai ɗauka. Tan biyu da rabin da aka rubuta yana da sharaɗi: tsakiyar kayan ta kasance kusa da gindin yatsun, galibi santimita 50 ko 60. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin rungume shi a jiki da miƙe hannu da shi, ruwan bai ƙaru ba amma hannu ba zai jure ba. Haka injin yake. Akwatin da zurfinsa ya kai mita biyu tsakiyarsa tana mita ɗaya daga gindin yatsu, a nan kuwa ƙarfin wannan injin ya faɗo ƙasa da tan biyu. Direban da ba a nuna masa wannan lissafi ba zai ga tayoyin baya sun fara barin ƙasa, kuma dabarar da aka saba gani a irin wannan hali ita ce a kira leburori biyu ko uku su ɗale bayan injin su ƙara masa nauyi. Wannan dabara tana aiki har ranar da kayan za su zame daga yatsu, bayan injin ya dawo ƙasa da ƙarfi ya watsar da su, ko ya taka wanda ya faɗo. A ƙara da cewa da yawa daga injinan da ke aiki a nan 'yan Kwatano ne, wasu allon ya goge ko ya ɓace, wasu rubutunsa da harshen da babu mai karanta shi a siton.

Sai wurin lodi, inda haɗari ya fi taruwa. Foklif yana shiga bayan tirela ko cikin kwantena ta kan wata gadar ƙarfe, kuma duk shiga da taka birki yana ɗan tura motar gaba. Idan ba a sa wa tayoyin tirelar weji ba, ba a kuma karɓe makulli daga hannun direbanta ba, tazara tana buɗewa kaɗan-kaɗan tsakanin dandamali da motar, ko direban ya ɗauka an gama ya ja, injin ya rufta da mutum a kansa. A kan gangara ƙa'ida ita ce kaya su fuskanci sama: a hau da gaba, a sauko da ribas, kuma ba a juyawa a tsakiyar gangara. In kaya sun tsare ido, da baya ake tafiya. Akwai kuma darasi guda da ya saɓa wa abin da jiki ke umartar mutum da shi, wato idan injin ya fara kifewa kada a yi tsalle. Wanda ya yi tsalle yakan faɗa ne ta ɓangaren da injin ke faɗuwa, sai rumfar ƙarfen da aka yi don ta kare kansa daga kayan da ke zubowa ta same shi a wuya ko ƙirji ta danne. Wanda ya ɗaura bel, ya ƙanƙame sitiyari, ya kafa ƙafafunsa, ya karkata jikinsa ya bar ɓangaren da ake faɗuwa, shi ke da damar fitowa da ransa. Babu wanda zai gano wannan da basirarsa cikin ƙiftawar ido. Sai an faɗa masa tun kafin ranar, an maimaita masa, an kuma tabbata bel ɗin yana nan ba a yanke shi ba.

Ƙasashen da ke rubuta haɗurran wuraren aiki sun nuna girman abin. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bi takardun shaidar mutuwa daga 1980 zuwa 1994 ta samu ma'aikata 1,021 da foklif ya yi ajalinsu. Kashi 22 cikin ɗari kifewar injin ce, kashi 20 masu tafiya a ƙasa ne da ya buge, kashi 16 matse su ya yi, kashi 9 faɗowa suka yi daga kansa. A lura da kashi 20 ɗin nan: mutum ɗaya cikin biyar ba shi ke tuƙi ba, yana wucewa ne ko yana ƙirga kaya. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar kuma ta ƙirga mutuwar mutum 614 tsakanin 2011 da 2017, da raunuka fiye da 7,000 a kowace shekara waɗanda suka kai ga hana mutum zuwa aiki. Mai lura zai ce ai tun 1999 dokar Amurka ta wajabta koyar da direban foklif da sake gwada shi duk shekara uku, ga shi mutuwar ba ta tsaya ba. Hanyar ƙirgan biyu ba ɗaya ba ce, kuma harkar sito ta ninka a tsakanin lokutan, amma duk da haka maganar tana da ƙamshin gaskiya: koyarwa ita kaɗai ba ta kawar da haɗari, sai an haɗa ta da gyaran wurin aikin. Abin da ba za a iya cirowa daga waɗannan alƙaluma ba shi ne hujjar barin koyarwar. Idan injin yana kisa haka a inda ake koyarwa, ake zana hanya a ƙasa, ake hana wanda bai kai shekara 18 ba hawansa, me ake zato a siton da mutum talatin ke zirga-zirga da silifas tsakanin tayoyinsa? A nan irin waɗannan haɗurra sau da yawa da kuɗin asibiti da ta'aziyya ake rufe su, ba sa shiga kundin kowa, kuma rashin rubutawa ba ya nufin rashin faruwa.

Hujja ta farko da za a kawo mini ita ce mu a bakin aiki muke koyon sana'a. Direbobin tirela da ke kai kaya Legas su dawo daga yaran mota suka fara, makanikai daga miƙa sifana, kuma babu mai cewa ba su iya ba. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu raina koyo a gaban maigida. Akwai direbobin foklif da ba su taɓa zama a aji ba amma suna zura yatsu cikin falet a saman kanta ta huɗu ba tare da sun gogi na kusa da shi ba. Sai dai a duba abin da irin wannan koyo ke bayarwa da wanda ba ya bayarwa. Yana ba da hannu, wato gwanintar abin da ake yi sau ɗari a yini. Ba ya ba da sanin abin da ke faruwa sau ɗaya a shekaru, domin yaro ba zai koyi yadda ake tsira daga kifewa ta hanyar kallo ba sai ya ga an kife, ranar kuwa darasin ya zo da tsada. Yaron mota kan yi shekaru kafin a bar masa sitiyari, shi kuwa yaron foklif makonni ne. Sannan maigida yana gadar da ɗabi'unsa duka, masu kyau da marasa kyau: in ya saba ɗaga mutum a kan yatsu ya canza ƙwan lantarki, ko ɗaukar aboki a gefen kujera, yaronsa zai ɗauka haka sana'ar take. Tsarin Birtaniya bai jefar da koyo a bakin aiki ba, mataki uku ya yi. Da farko 'yan kwanaki tare da malamin da ya san aikin, nesa da hayaniyar lodi, a ƙare da jarrabawa. Na biyu koyon irin injin da irin kayan da ke wurin da mutum zai yi aiki. Na uku yin aikin kansa a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi. Abin da muke da shi mataki na uku ne, kuma yana da kyau. Biyun farkon ne babu.

Ba sabuwar doka nake nema ba, domin a rubuce ba mu rasa ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum aiki da injin da zai iya yi masa rauni sai an sanar da shi haɗarinsa, an kuma koyar da shi ko an sa ƙwararre yana lura da shi. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan injinan ɗaga kaya, waɗanda suka shafi duba injinan da cancantar masu sarrafa su. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, ba tare da ya cire daga albashin ma'aikaci ba, kuma ta shafi har ɗan wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki. Rauninsu a wajen aiwatarwa yake. Tarar da ke cikin dokar 1987 da kuɗin wancan zamani aka yanka ta, daga ɗaruruwan naira zuwa 'yan dubbai, abin da bai kai kuɗin tayar foklif ɗaya ba a yau. Masu duba masana'antu kuma ba su da yawan da za su leƙa kowane sito. Saboda haka mai sito da ke jiran sai an tilasta masa zai daɗe yana jira, alhakin kuwa yana kansa tun ranar da ya sayi injin.

Za a ce tsada. Kasuwa ta yi nauyi, dizal ya yi tsada, ga haraji iri-iri, yanzu kuma a ce a biya kuɗin makaranta. Amma a auna kuɗin koyarwar kwana biyar da abin da ke kan yatsun injin a ɗauka guda: buhu arba'in na sukari, ko falet ɗin magani, ko duro huɗu na sinadari. A auna shi da ƙafar kantar ƙarfe da aka buga ta lanƙwashe ba wanda ya faɗa, har ranar da za ta sunkuya ta ja na kusa da ita layi guda ya zube. Direban da aka koyar ba ya cinye taya da birki da wuri, ba ya huda buhu da bakin yatsu. Kamfanonin da ke biyan kason asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, suna ma da damar a mayar musu da har rabin abin da suka zuba idan sun nuna sun horar da ma'aikatansu ta hanyar da asusun ya amince da ita. Akwai kuma mai cewa in na koyar da shi gobe zai tafi inda aka fi biya. Zai iya tafiya, kuma abin da zai riƙe shi sananne ne. Mutumin da aka damƙa wa injin miliyoyin naira da rayukan abokan aikinsa bai kamata a ajiye shi a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 ba, balle a ɗauko shi ta hannun ɗan kwangila a riƙa sabunta masa takarda duk wata uku don kada ya zama ma'aikacin dindindin.

Hujjar da ta fi waɗannan nauyi ita ce takardar shaida za ta koma haja. Kowa ya san yadda wasu ke mallakar lasisin mota ba su taɓa riƙe sitiyari a gaban mai jarrabawa ba, kuma babu abin da zai hana a buɗe shagon sayar da satifiket ɗin foklif gobe da safe. Wannan tsoro yana kan hanya. Maganinsa shi ne a tsara abin ta yadda takarda ita kaɗai ba za ta wanke kowa ba. Jarrabawa ta zama ta hannu, a kan injin, da kaya na gaske: ya duba injin kafin ya tayar, ya karanta allon nauyi ya faɗi ko zai ɗauki wannan akwati ko ba zai ɗauka ba, ya ɗora a kanta ya sauko da shi, ya bi gangara. Shaidar ta kasance mai wa'adi, kamar yadda ta Faransa ke ƙarewa bayan shekara biyar, ta kuma kasance a rajistar da za a iya dubawa ta waya. Sannan mai sito ya gwada mutum da idonsa a kan injinsa, ya ba shi izini a rubuce, ta yadda in wani abu ya faru ba zai ɗaga takardar da ya san saye aka yi ya ce shi ba ruwansa ba. Muna da jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, muna da tsarin shaidar ƙwarewa da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da shi. Ba a buƙatar ƙirƙiro wata hukuma da sabbin motoci da ofisoshi.

Akwai kuma tambayar da ba ta da amsa mai daɗi, ita ce ta 'yan dako. Tirela mai buhu 600 na siminti ko taki tana ciyar da ayarin majiya ƙarfi na tsawon sa'o'i. In an jera buhunan arba'in-arba'in a kan falet, sawu goma sha biyar ne ga foklif, mutum ɗaya ya gama. Duk wanda ya ce wannan ba zai rage aikin dako ba bai faɗi gaskiya ba, kuma bayan kowane ɗan dako akwai gida, sau da yawa a ƙauye, da ke jiran abin da zai aiko. Amma a dubi aikin da ake kukan rasawa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai riƙa ɗauka ya wuce kilo 55. Buhun masara ko gero a Dawanau kilo ɗari ne, kuma mutum yana hawa da shi kan katako zuwa saman mota sau da dama a yini. Wuya da baya da gwiwa suna biyan wannan bashi tun mutum bai tsufa ba, ba fansho ba inshora. Dako ba zai ƙare gobe ba, domin foklif ba zai shiga lungunan Kantin Kwari da Singa ba, kuma sai da hannu ake jera buhu a kan falet. Sai dai a manyan sito injin ya riga ya shigo, masu sayen kayanmu a waje a cikin kwantena suke so, kuma babu wanda zai mayar da shi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wa zai hau kujerar.

A ganina 'yan dakon da ke wurin su suka fi cancanta a fara da su. Sun san kaya fiye da kowa: sun san buhun da ke zamewa da wanda ke zama, sun san jerin da zai tsaya da wanda zai rushe, sun san inda ƙasan sito ya lotsa da ƙofar da mutane ke ɓullowa ba zato. Abin da ke tare musu hanya shi ne sharaɗin takardar sakandare da jarrabawa cikin Turanci. Karatun da aikin ke buƙata kuwa ɗan kaɗan ne, lambobin allon nauyi, da alamomin gargaɗi, da takardar duba injin ta kowace safiya, kuma duk ana iya koyar da su da Hausa a kuma yi tambayoyin da baki. 'Yan dako suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kasuwanni, waɗanda za su iya zaɓo matasan da suka san natsuwarsu. Cibiyar koyar da sana'o'i ta ITF da ke Kano da kwalejojin fasaha na jihohi za su iya ɗaukar koyarwar idan kamfanoni suka ba da aron injin da fili a ranakun da aiki ya yi sauƙi. Tunda aikin na natsuwa ne da ido, ba na ƙarfin ƙirji ba, matan da ke aikin tsince da ɗinkin buhu a sito-siton riɗi ma babu dalilin rufe musu ƙofa, haka ɗan dakon da bayansa ya fara gazawa.

Sai dai ko an koyar da direba iya koyarwa, akwai abubuwan da ba a hannunsa suke ba. Idan da yawan motocin da aka sauke ake biyansa, ko manaja yana tsaye a kansa yana duba agogo, an riga an gaya masa cewa sauri ya fi ƙa'ida daraja, kuma zai ji. Dole ya kasance yana da ikon cewa wannan kaya ya fi ƙarfin injin, ko birki ba ya kamawa yau ba zan hau ba, ba tare da ya ji tsoron a ce ya ajiye makulli akwai masu jira a bakin ƙofa ba. Ramin da ke ƙasan sito ba shi zai cike ba. Ba shi zai sa fitila a lungu ba, ko madubi a mahaɗa, ko ya zana layin da ya raba hanyar injin da ta masu ƙafa. Ba shi ke yanke shawarar a shigar da injin mai ƙona fetur ko gas cikin rufaffen ɗaki ba, inda hayaƙinsa ke tara iskar guba marar wari da ke sa ciwon kai da jiri kafin ta kayar da mutum, ko a yi cajin manyan batura a ƙuryar da iska ba ta ratsawa alhali suna fitar da iska mai kama wuta. Sarƙar da ta miƙe da yatsan da ya tsage kuɗin mai sito suke jira. Shi ya sa duk lokacin da aka yi haɗari aka ce gangancin direba ne, ya kamata a tambayi wa ya koyar da shi, wa ya ba shi makulli, yaushe makanike ya duba injin, kuma sa'a nawa ya yi a kan kujerar kafin abin ya faru.

Wasu za su ce abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru. Mun yi imani da haka, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wa mutum alhakin sakaci ba. Shari'a ta san kisan kuskure ta kuma ɗora masa diyya, ta san amanar wanda aka ɗauka aiki. Mai siton da ya san injinsa ba birki ya bar yaro ya hau ba zai fake da ƙaddara a gaban iyayen yaron ba.

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne tashoshin tsandaurin nan uku. Kowace tana da ƙofa ɗaya da mahukunta sanannu, kuma suna ƙarƙashin idon hukumar kula da masu safarar kaya ta jiragen ruwa ta ƙasa, wadda za ta iya sa sharaɗin cewa babu mai tuƙa injin ɗaga kaya a harabar sai wanda aka gwada, babu injin da zai yi aiki sai mai allon nauyi da bel da shaidar dubawa. Manyan kamfanonin siminti da sukari da fulawa da taki za su iya ɗora wannan sharaɗi a kan dilolin da ke riƙe musu sito, kamar yadda suke ɗora musu sharaɗin farashi da yawan saye. Kamfanonin inshora kuma, waɗanda su ke biyan asarar kaya in kanta ta rushe, za su iya neman ganin sunayen direbobi da ranar da aka gwada kowannensu kafin su sa hannu, su rage kuɗi ga siton da ya kawo cikakken jeri.